Mai Girma Ya Sha Gahawarmu

Jama'a, yau na dawo gida ɗauke da kwali a ka kamar mai tallar doya, mai ɗakina Sauda ta leƙa ciki, ta dube ni, ta koma kicin ba ta ce uffan ba. Wanda ya daɗe da aure ya san irin wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ku gyara zama in ba ku labarin kwalin nan daga tushe.

Tun farkon damina taransifomar layinmu a unguwar Ɗan Iya ta yi bindiga ta mutu. Ni dai duhu bai dame ni ba, mun saba da juna. Abin da ke ci mini rai shi ne firizar Sauda. Da ita take sana'ar zoɓo da kunun aya, har masu keke daga kasuwar Wunti suna zuwa sari. Yanzu firizar ta koma akwatin ajiye robobi, matar da ba ta taɓa zama ba ta koma zaman tagumi. Wallahi ina jin tausayinta, kuma ina jin kunyar kaina.

Mun je ofisoshi har takalmanmu sun san hanya. A ƙarshe aka ce maganarmu tana hannun Mai Girma Babban Mai Ba da Shawara kan Harkokin Ba da Shawara, Allah ya ƙara masa kwanciyar hankali a kujerarsa. Hadiminsa Mansir ya ce Oga ya yarda ya zo ya ji kukanmu da kunnensa, amma da sharaɗi. Tun da ya dawo daga rangadin ƙaro ilimi a Turai, inda ya je koyo yadda ake kwashe shara, ba ya buɗe kunne sai ya sha isfireso, wata baƙar gahawa mai kauri da ake sha a ɗan kofi kamar na magani. Kuma ba ya shan ta gwangwani, sai wadda aka niƙa a ranar. Mansir ya miƙo mana ƙullin 'ya'yan gahawar ya ce sauran aiki namu ne.

Maƙwabcina Toma ya ce yana da 'yar tukunyar dafa ta, 'yarsa ta aiko masa daga waje, ƙusoshi yake ajiyewa a ciki. Injin niƙa kawai ya rage. Mai nema ba ya fushi, sai aka naɗa ni da Toma mu je Wunti mu zaɓo.

A shagon Ndubuisi na gane ashe jahilcina ya fi yadda nake zato faɗi. Ya jera mana injuna a kan kanta.

"Baba, wannan mai wuƙa ne, sara kawai yana yi, wani gari babba wani ƙarami. Isfireso ba ya son shi. Wannan mai haƙori ne, yana murƙushe shi daidai, laushi kamar hoda. Shi ne na manya."

Na ce a ba mu na manya, tunda babba za mu tara. Ya ce to, akwai wuta a gidanmu? Na ce da akwai, me zai kawo ni shagonsa? Sai ya jawo wani ɗan ƙarami mai hannu, ana juyawa kamar keken ɗinki, ba ruwansa da lantarki. Na miƙa hannu ke nan Toma ya damƙe ni.

"Malam, kana da hankali kuwa? Mai Girma ya ga muna niƙa gahawa ba wuta, ai cewa zai yi mun ci gaba, ba ma buƙatar taransifoma."

Na janye hannuna, domin na san mutanen gwamnatin nan. Su ne suka ga muna haƙa rijiya suka taya mu murnar samun ruwan sha. Mai lantarki ba zai tashi ba, mai hannu zai tona mana asiri. Muka fito hannu rabbana. A gida na roƙi Sauda aron turmi, ta ce turminta na daddawa ne, ba za ta bari wani abu mai ɗaci ya ɓata mata shi ba.

Ranar zuwan Mai Girma, da hantsi, muka nufi injin Iya Funmilayo mai shan gas, wanda duk unguwa ke kai niƙa. Wanda ya taɓa bin layin injin unguwa ya san ƙa'ida: ragowar na gabanka kai ne magajinta. Ta gabanmu kuwa wata dattijuwa ce da ƙwaryar barkono da citta da masoro, yajin mai jego. Iya ta ɗebo dusa ta ce bari ta fara zubawa ta wanke injin, kamar yadda ake yi. Toma ya daka tsalle.

"Dusa? Abincin awaki a kofin Mai Girma? Iya, ki rufa mana asiri, zuba haka nan."

"To, ni na gaya muku," in ji Iya, ta zuba.

Gari ya fito da laushi, har da wani ja-ja a jikinsa. Toma ya ce alamar mai kyau ke nan.

Mai Girma ya iso da jerin motoci da suka fi gidajen layinmu yawa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaurena, aka kawo ɗan kofi a faranti. Ya ɗaga, ya shinshina, ya kurɓa. Ni da ke tsaye nesa sai da hancina ya yi ƙaiƙayi. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, hawaye suka zubo, ya yi atishawar da ta tuge masa hula. Na fara karanto duk addu'ar da na sani, ina hango firizar Sauda ta tafi ke nan har abada.

Sai ya share ido ya ce, "Tun da na baro Turai ban sha ta gaskiya ba sai yau. Wannan zafin da kuke gani shi ne asalin isfireso. Mansir, ka ji abin da nake gaya maka? Wadda kake ba ni ruwan bunu ce."

Ya tambaya da wane inji muka niƙa. Toma ya ce, "Ranka ya daɗe, mai haƙori." Bai yi ƙarya ba, na Iya ma haƙora gare shi. Na ga dama ta samu, na durƙusa na fara jawabin taransifoma, na kawo maganar mata da sana'arsu ta tsaya. Ya ɗaga mini hannu yana hura harshe.

"Na fahimci matsalarku. Ku mutane ne wayayyu, kuma gwamnati ba za ta bar wayayyu a baya ba."

Muka yi tafi har tafukanmu suka yi zafi. Sauda ta wanke firiza ciki da waje, ta sayo zoɓo tiya guda ta ajiye.

To yau aka kira mu bikin cika alkawari. Aka kafa rumfa, aka ɗauko makaɗa, aka kunna janareta don lasifika. Mai Girma ya ƙaddamar da Shirin Tallafin Niƙa Gahawa a Gida, kowane magidanci a layinmu ya karɓi kwalinsa. Mai haƙori ne, na manya, mai aiki da lantarki. A gaskiya ba su yi mana ha'inci ba, mai kyau suka sayo. Da na tambayi Mansir labarin taransifoma, sai ya ce in ji tsoron Allah, ba a cika wa gwamnati ciki da buƙata biyu a shekara ɗaya.

Yanzu haka injin yana cikin firizar Sauda, don nan ne kaɗai ɓera ba ya shiga. Suna kwance tare da tiyar zoɓon, duka suna jiran abu ɗaya.

Toma ya leƙo ɗazu ya ce ya ji Mai Girma zai sake tafiya ƙaro ilimi, wannan karon ƙasar Larabawa mai zafi. Na ce Allah ya sa ya dawo ba ya shan komai sai ruwan ƙanƙara. Sauda ta jiyo ni daga kicin ta ce in janye addu'ar nan tun kafin a amsa, don firiza za su raba mana.