Ranar Da Na Bi Sawun Malam Buba

Ni dai na ɗauki kaina mai ido a unguwarmu. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da maƙwabcina Malam Buba ya tsiri fita kullum bayan asuba. Sai ya nufi hanyar Gatawa, ba fartanya ba sanda, ya dawo hannu rabbana. A Sabon Birnin yanzu, wa ke fita bayan gari haka kawai? Ga shi ya sha ɓacewa wata da watanni, a ce wai yana Sakkwato.

Na ce wa matata, "Wanga mutum labari yake kai wa 'yan bindiga. Gobe za ni bi shi."

Ta ce, "Da wanga tumbi?"

Na bi shi ina laɓewa cikin gero. Tsohon a hankali yake tafiya, amma ba ya tsayawa. Kafin mu kai fadama numfashina ya ƙare, na zube gindin wata tsamiya. Sai ga shi tsaye a kaina.

"Sannu, Alhaji. Tun daga masallaci nike jin hakinka." Ya miƙo mini gorar ruwa. "Ciwon daji aka yi mani magani Sakkwato. Likita ya ce in riƙa tafiya kullum don ƙarfi shi dawo, in kuma nemi abokin tafiya. Allah ya kawo ka."

Shi ya riƙo hannuna har gida, a gaban 'yan majalisar hira ta unguwarmu. Matata kuwa ba ta rufa mini asiri ba. Har yau in na wuce sai su ce, "Jami'in tsaro, ya jiki? Malam Buba ya ce ka fara samun sauƙi."