Ranar Da Na Yi Ta'aziyya A Taron Marubuta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Asabar ɗin da aka kawo mana marubutan duniya Dutse. A shekarun da aka fara shari'a ne, ina koyarwa a wata firamare a Kafin Hausa, ina kuma rubuta waƙoƙin da ba wanda ya taɓa ji sai kurciyoyin da ke sauka a kan darbejiyar gidanmu. Babban bikin adabin a Kano aka yi shi, amma aka ware yini guda aka kawo baƙin su ga jiharmu: mawaƙi daga Sanigal, wata mai gajerun labarai daga Indiya, wani dogo daga wani tsibiri da sai da na neme shi a taswira, da wata marubuciya daga Sudan.

Malam Sabo, wanda ya koyar da ni adabi a kwaleji, shi ya aiko a faɗa mini. Ya ce bayan la'asar baƙin za su zauna da matasa kaɗan su saurari rubutunsu, kuma cikin masu tambaya a zaure za a zaɓa. Ya ce in zo da maganar da za ta sa a tuna da ni. (An tuna da ni kuwa.)

Na daɗe ina goge tambayata har ta yi sheƙi. Sai dai motar da na shiga ta tsaya ɗaukar buhunan gero, ta sake tsayawa ɗaukar awaki, ta kuma tsaya direba ya gaisa da surukinsa. Ko da na isa zauren, can wajen unguwar Takur, an yi nisa. Na lallaɓa ɓangaren mata na zauna kusa da Jummai, ƙawata ta kwaleji. Ta matso za ta raɗa mini abin da ake ciki, na ɗaga mata hannu, don ni mai sauraron adabi ce, ba a katse ni.

Baƙuwar Sudan ce a kan mumbari, sanye da fararen kaya fat daga kai har ƙafa, ba kwalli, ba ɗan kunne. Tana magana da Larabci a hankali, idonta a kan takarda, wata malama tana mayarwa Hausa. Na ji malamar ta ce: “Mijina ya rasu ranar da kogi ya kawo ruwa. Har yanzu takalmansa suna bakin ƙofa, ba na bari a share wurin.”

Nan take hawaye ya zo mini. Na tuna butar Baba, da Inna ta yi shekara tana cika ta da ruwa kowace asuba bayan rasuwarsa, ba ta ce wa kowa komai ba. Na yi lissafi a zuci: kogi da damina yake cika, yanzu kuwa kaka ce, ke nan baiwar Allah ko takaba ba ta daɗe da gamawa ba. Ga ta a ƙasar mutane, zaure cike da manya, amma ba wanda ya yi mata gaisuwa.

Da aka ba da damar tambaya na riga kowa ɗaga hannu. Aka miƙo mini lasifika, tambayar da na goge ta gudu ta bar ni.

“Hajiya, ni ba tambaya gare ni ba,” na ce. “Ya haƙuri? Mu a nan ba ma barin baƙo da rashi shi kaɗai. Allah ya ji ƙan maigida, ya sa ya huta. Jama'a, don Allah a yi masa addu'a.”

To a Dutse ba a cewa a yi wa mamaci addu'a hannu ya zauna a cinya. Zaure gaba ɗaya ya ɗaga hannu, har waɗanda suka san gaskiya. Jummai tana jan hijabina da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana sama. Wani dattijo mai gilashi a sahun gaba, riƙe da jakar baƙuwar, shi ya fi kowa ƙarfin amin. Sai da aka shafa ya juya yana tambayar wa ya rasu.

Malamar ta fassara. Baƙuwar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza (na ɗauka kuka ne, har na ƙara da “sai haƙuri”), sannan ta nuna dattijon, wai ga maigidan nan. Ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya faɗi abin da ko Larabcina na Islamiyya ya gane: alhamdu lillahi, yana nan da ransa. Ashe babi ne take karantawa daga ƙagaggen labarinta, kuma an yi bayanin haka tun ina can tsakanin awaki.

Zauren ya ɗauki dariya. Na hango Malam Sabo ya cire hula ya rufe fuska da ita.

A bayan ginin baƙuwar ta same ni, ƙarƙashin wani dabino, ina tunanin ko akwai hanyar Kafin Hausa da ba ta bi ta gaban mutane ba. Malamar tana biye da ita. Baƙuwar ta ce maigidan ya gode, zai ajiye addu'ar sai ranar buƙata. Sannan ta tambayi abin da ya sa ni kuka tun kafin in tashi. Na ba ta labarin butar Baba. Da na gama, ta ce in zo zaman la'asar.

Na je, na karanta musu waƙata ta farin wata da furanni. Ta saurara cikin ladabi har ƙarshe, sannan ta ce, “Butar fa?”

Waƙar butar ita ce ta farko da aka taɓa buga mini. Da na karanta wa Inna, ta ce ashe ina ganinta.

Tun daga ranar ba na makara a taro, kuma kafin in yi ta'aziyya nakan duba sahun gaba tukuna. Jummai kam har yau in mun haɗu, ko a gidan biki ne, sai ta rausayar da kai ta ce, “Ya haƙuri?”