Rasuwar Dutsen Wasa Askar Malam Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tashin zuciyar da har yau bai kwanta ba, iyalan Malam Gwadabe Wanzami na Kademi suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar dutsen wasa askarsa, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi. Tun da safiyar Talata mai wannan sanarwa ta ga dugadugan wata baƙuwa suna sheƙi a bakin murhu, ta kawar da kai, ba ta san abin da take kallo ba ke nan.

Marigayin baƙi ne, siriri, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, fuskarsa sumul kamar cikin tangaran. An ce wani Goni ne ya zo da shi daga gabas ya bai wa mahaifin Malam, shi kuma ya bar wa ɗansa. Bai taɓa yin aikin ƙarfi ba. Akwai wansa, ƙaton dutse mai kaushi, shi ke fara cin bakin aska. Sai an gama da wancan ake kawo ta wurin marigayi, a ɗiga masa ruwa mai tsabta, a ja a hankali. Ba ya ƙara. Abin da muka sani na muryarsa shi ne siif, siif, kamar mai hura wa yaro koko. Mai kuwa, ko na gyaɗa ko na shanu, bai taɓa kusantarsa ba, don Malam ya ce dutsen da ya sha mai ya gama aiki.

Ya ga zamanin da manya ke layi a zaure ranar Juma'a. Ya ga shekarar da motoci suka koma hannun dama, samari suka fara tara suma suna wuce wanzami ba sallama. Ya ga farin bara. Duk bai gaza ba. Babu ɗan da aka haifa a gidan nan da askar da ta sauke masa gashin suna ba ta bi ta kansa ba.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Hanne, babbar 'yar Malam, ta zo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji. Al'adar Malam ce in zai yi wa jariri aski ya jiƙa marigayi a kasko tun ana jibi suna. Gida ya cika da mata, ana neman wurin girka tukunyar ruwan jego, sai Inna Hajara, uwar gidan, ta ture kaskon zuwa bakin makewayi. A nan Iya Aisa, uwar mijin Hanne, wadda ta iso daga Ajingi, ta same shi. Ta ga dutse a ruwa a wurin wanka, ta ɗauka an ajiye wa baƙi ne.

Ta laɓta wa ƙafafunta man kaɗanya, ta zauna a kan turmi, ta ɗauki marigayi ta dirje kaushin da ta kwaso tun kaka. Da ta ga dutsen yana zamewa, sai ta yi masa abin da ake yi wa dutsen niƙa in ya daina ci: ta nemo ƙusa ta tsattsaga masa fuska. Sa'an nan ta ci gaba, ƙafar dama, ƙafar hagu, har tsakanin yatsu.

Malam ya tarar da shi a gefen rariya, ƙuda na bi. Kowane rami da ƙusa ta yi ya cika da farin gari mai danƙo, ruwan kaskon kuma ya yi yauƙi, abubuwa na yawo a kai. Wari ba a magana. Bai gama ɗaga shi da yatsu biyu ba Iya Aisa ta leƙo da fara'arta.

“Malam, ina kwana? Ai dutsen naku ba ya ci, sai da na gyara muku shi.”

Surukuwa ce, baƙuwa ce, kakar jariri ce. Malam ya dubi ƙasa ya ce, “An gode, Iya.” Inna Hajara ta shige ɗaki ta toshe baki da zane.

An yi jinya gwargwadon hali. An wanke shi da toka, an wanke da sabulun salo, an shanya, mai ya sake tsattsafowa. Ranar Laraba Malam ya ce a gwada tafasa shi. Yana shiga ruwan zafi ya ce ƙas, ya rabu biyu ta layin ƙusa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe, kuma ita ce kaɗai ya taɓa yi da ƙarfi.

Ya bar wansa mai kaushi, da asake waɗanda yanzu ba su da mai tausasa musu baki, da fatar gogi, da ƙahonin tsaga, da zabira. Ya bar Malam, wanda ya wasa askarsa mafi kyau a kan wan marigayi har hannu ya gaji, ya gwada a gashin damtsensa, ya ji tana ja. Malam ya ce ba zai ɗora wannan a maɗigar jikansa ba. Don haka aka aika garin Gafasa aka kira Datti, wanzamin zamani, don ya zo ya yi askin suna a gidan wanzami.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan hantsi, a bayan rumbu. Ba za a yi wa gawa wanka ba, ta sha wanka. Za a naɗe ta da tsohon ƙyallen zabira. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zauna su naɗe ƙafafunsu a cikin tufa, don mutanen gidan ba su iya ganin dugadugi tukuna ba. Iya Aisa ta aiko cewa za ta sayo wani a kasuwar Ajingi, mai ci sosai. Iyalai suna roƙon duk wanda ke da hanyar gaya mata cikin ladabi ya taimaka.

Wanda zai sa marigayi a rami ba a tsayar ba tukuna. An je tambayar Malam yau da safe, ranar suna, aka same shi a zaure, an miƙa wa Datti jariri, Datti yana warware reza daga takardarta. Malam ya dubi kan jikansa, ya dubi rezar, ya jawo takalmansa ya sa, ya fita ta ƙofar gona.