Iskokin da Na Amsa Nawa Ne a Hindawiyya

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Hindawiyya ba, ko na so in manta ma matan unguwar ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa Jidda ba, ina aikin nas a wani asibitin kuɗi a Aziziyya, kaɗaici kamar zai kashe ni. Sai Allah ya haɗa ni da Samira ta ɗakin magani, Bahaushiya haihuwar Jidda, wadda in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci. Ita ta ja ni gidansu a unguwar Hindawiyya, wajen wani wasa da take yi da ƙannenta mata duk Alhamis bayan la'asar. Wasan labari ne. Kowacce ta ɗauki jaruma guda, Samira tana ba da labarin, in an zo faɗa a jefa ɗan lido mai fuskoki da yawa, shi zai ce kin sara ko kin kuskure. Tawa jarumar maharbiya ce (ni da in na ga kyankyaso sai na hau kujera). Nan kaɗai nake dariya a duk mako.

Gidan na kakarsu ne, Hajiya Yalwa, wadda ta zo aikin hajji tun da ƙuruciya ba ta koma ba. Da ƙyar ta yarda da wasan, don an ce mata tatsuniya ce da lissafi. Ta kuma kafa sharaɗi: ranar da ta ji ƙanshin tsafi a ciki, akwatin wasan bola za shi. Shi ya sa in labari ya zo kan boka muke rage murya.

To ran nan muna tsakiyar faɗa a wani kogo, boka ya hura wa maharbiyata hayaƙi. Samira ta yi ƙasa da murya ta ce, "Halas, hankalinki ya juye, ba ki san gabas ba. Istanni, jira, bari in duba." Ta shiga buɗe littafin dokoki.

Ni kuwa ina na ga ta jira? Na yi wasan kwaikwayo a sakandare, har an taɓa tafa mini (sau ɗaya ne, amma bai taɓa fita kaina ba). Na ce yau 'yan Jidda za su san an zo da gwana. Na miƙe na fizge ɗankwali, na juya idanu, na hau tangaɗi ina kiran sunayen mutanen da ba su nan. Na ɗauki matashin kujera na maka wa Nawal, autarsu, sannan na zube ƙasa ina birgima ina gurnani. Suka yi ta dariya, can sai na ji tsit. Na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu baki, sai na ƙara wuta.

Ashe Hajiya ce tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi.

Tsohuwar da take salla a zaune saboda ciwon gwiwa, wallahi ban san lokacin da ta danne ni ba. Ta kafa baki a kunnena tana Ayatul Kursiyyu, ta ce a kawo zamzam, ta ɗura mini man habbatus sauda a hanci. Ina ƙoƙarin cewa lafiyata lau, tana ce wa aljanin da take zaton ya hau ni, "Yi mini shiru, ba da kai nake ba tukuna." Kafin in gama atishawa maƙwabta sun cika falon, wata har da kaskon turare.

Da na lafa, Hajiya ta ɗora hannu a kan akwatin ta ce, "'Yar nan, wannan abin nasu ne ya taɓa ki, ko dama kina da su?"

Na dubi Samira, idonta ya kawo ruwa. In na ce wasan ne, akwati ya tafi. In na ce kwaikwayo nake, za a tambaye ni kwaikwayon me, boka ya fito fili. Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Dama tun daga gida ne, Hajiya. Jefi-jefi suke zuwa." (Allah ya yafe mini.)

Ta ɗauke hannunta daga akwatin ta ce, "Ai na sani. Tun ranar da kika fara shigowa na ga idon."

Wannan ta fi man habbatus sauda zafi.

Bayan an watse Samira ta nuna mini dokar, tana dariya har da riƙe ciki. Ashe wadda ta ruɗe ba ta da zaɓi ko kaɗan. Ɗan lido za ta jefa: ko jarumarta ta tsaya ƙiƙam, ko ta yi gaba ba ta san inda za ta ba, ko ta sari na kusa da ita, aboki ne ko maƙiyi. Duk a zaune ake yi, da ɗankwali a ka.

Wasa dai ya tsira, mun ci gaba da abinmu har na bar Jidda. Sai dai duk Alhamis sai na durƙusa Hajiya ta turara ni kafin in zauna, kuma duk bikin da na je a unguwar, da an fara kiɗa sai in ga mata biyu sun matso kusa da ni sun shirya riƙo.

Tun daga nan, in aka ce mini "bari in duba", ko a asibiti ne, sai in nemi wuri in zauna in jira.