Ƙamus na Jarwal da Sanarwar Hana Girki

A duk unguwar Mansur babu wanda Allah ya buɗe wa harshe kamar Maharazu. Mutumin Gusau ne, shekararsa goma sha takwas a Makka, yana tarbar baƙi a wani otal a Jarwal. Yare tara yake ji, in ji shi. Ya iya "sannu" da Turkanci, ya iya "kawo fasfo" da yaren Indonesiya, Faransanci kuwa da gira yake yin sa. Mu abokan shan shayinsa na bayan la'asar mu muka raɗa masa Ƙamus, kuma har ga Allah ba da zolaya muka fara ba. Yawancinmu Larabcin cefane kawai muka iya. Ina muka ga bakin musu?

Wata Laraba mudir, wato manajan otal ɗin, wani mai suna Bandar, ya kira shi ofis. Masu Umra arba'in za su sauka daga Sifen. A kowane ɗaki akwai sanarwa da Turanci cewa an hana girki, wanda ya yi zai fuskanci consequences. Bandar ya tambaye shi ko zai iya juya ta zuwa Sifaniyanci, ko a nemo wani.

"A nemo wani ina raye, ya mudir?" in ji Maharazu. "Sifaniyanci ai Turanci ne da ya sha rana."

Da yamma ya iso majalisa da takardar a aljihun gaba, ya bar kanta a waje don a tambaya. Aka tambaya. Ya ce sauran sanarwar wasan yara ne, kalma ɗaya ce ke buƙatar malami. Ya ciro waya, wai don ya gwada ko ta sani. Wayar ta ba shi uku. Ta farko consecuencias. Ya ce ta cika kama da ta Turancin, za a ce kwafa ya yi. Ta biyu repercusiones. Ya gwada faɗinta sau uku harshe na sarƙewa, sai ya yanke cewa kalmar 'yan jarida ce. Ta uku secuelas, wadda wayar ta ce tabon da ciwo ke bari ne a jiki.

"Baƙin Allah zan yi wa fatan ciwo?" Ya kurɓi shayi. "Ku saurara, fassara a zuciya take. Wannan kalma da Hausa mece ce? Sakamako. To a ƙasa mai tsarki, idan an ce sakamako, me ke fara zuwa ran mumini?"

"Lada," muka ce, har muna rige-rigen amsawa.

Ya danna, wayar ta kawo recompensa. Daɗin kalmar ya kama mu, wani ya ce kamar sunan turare. Mukhtaru tela ne kawai ya ce da an nuna wa wani ɗan ƙasar tukuna. Muka taso masa, muka ce hassada ce.

Kwana biyu da saukar baƙin, da hantsi, hawa na shida ya gume da ƙamshin albasa. Tukunyar lantarki goma sha ɗaya ke aiki lokaci guda. Wuta ta ɗauke, ƙararrawar gobara ta kama kuka, aka fito da mutum ɗari uku kan titi, wasu da kumfar sabulu a ka.

Maharazu na tsaye a bayan teburin tarba. Igamarsa, wato takardar izinin zamansa, a hannun otal ɗin take, ga matarsa Kande da yara a gida. Wata dattijuwa ta ratso taron, tukunya a hannu ɗaya, sanarwar a ɗaya. Ta ɗora yatsa kan kalmarsa, ta zubo magana mai tsawo. Bandar ya dube shi yana jira.

"Si, si," in ji Maharazu. A nan Sifaniyancinsa ya ƙare.

Dattijuwar ta ƙare masa kallo, ta juya wajen Bandar, ta koma Larabci tiryan-tiryan. Ashe asalinta Maroko ne, zama ya kai ta Sifen, haka ma duk ayarin.

"Takardarku ta ce wanda ya yi girki a ɗaki yana da tukwici," in ji ta. "Mun yi mamaki, amma muka ce Makka ce, komai da ladansa. Ɗana, me ya hana ku rubuta mana da Larabci?"

Bandar bai kore shi ba. Ya mayar da shi ɗakin wanki a ƙasan bene, inda babu mai yi masa magana sai injina.

Bayan kwana uku ya dawo majalisa. Ya ce an ba shi sashen da ke buƙatar natsuwa. Ya ce kuma laifin na baƙin ne, Sifaniyancinsu ba na asali ba ne. Muka gyaɗa kai, aka ba shi kofin farko. Ya ƙara da cewa yanzu Sinanci ya sa a gaba, don da shi aka rubuta bayanin jikin injin wankin, kuma ya kusa gama shi. Muka yi masa addu'a.

Makon jiya haramin baƙi sittin ya fito daga injin ruwan hoda.