Rasuwar Ganyen Albasa, Zanen Wuyan Rigar Malam Sodangi

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da shi ya jawo wa kansa, Mijinyawa tela na kasuwar Bodinga yana sanar da rasuwar Ganyen Albasa, zanen wuyan riga da ya gada wurin mahaifinsa, marigayi Malam Sodangi.

An haifi mamacin a kan takardar buhun siminti a zamanin Jamhuriya ta Biyu. Ya sha tsadar zare da layin sabulu, bai taɓa rage ado ba. Daga garin Shagari har Sifawa, angon da bai sa shi a wuya ba sai a ɗauka auren nasa na gaggawa ne. Da gara ta fara cin takardar, Mijinyawa ya kwashe shi zuwa kwamfuta, ya rubuta ɗan shirin da ke karanta wa keken aikin wuyan riga shi, gara kuma ta ƙarasa takardar. Maƙwabta sun san muryarsa: kyat-kyat-kyat, ya ja numfashi, sannan kyarrr a kan lanƙwasa.

Ciwon ajali ya zo ne ta hannun Alhaji Haliru na Dandin Mahe, wanda ya ce a rage masa ganyen, ya yi yawa. Mijinyawa, da wayonsa, ya ba zanen sabon suna a cikin shirin, wai ya yi kwafi. Ashe a wannan harshen na kwamfuta sabon suna laƙabi ne kawai, kamar a kira mutum Muhammadu a masallaci, a kira shi Mode a gida. Ya miƙa laƙabin ga sashen shirin da ke datsa, ya datse, ya adana, har yana fito. Ashe wuyan zanen na asali ya yanka.

Mamacin ya bar keken aiki guda, da guntun zane mai amsa sunaye biyu, da Mijinyawa, wanda abinci ya daina shiga bakinsa. Ya kuma bar Inna Kaltume, matar Malam Sodangi, wadda idanunta suka mutu, take gane aikin mijinta da yatsu.

Ba za a yi jana'iza ba, don babu gawa. Za a karɓi gaisuwa a shago bayan la'asar. Duk mai tsohuwar riga da wannan aiki, ko ta yage, don Allah ya taho da ita a kwafi zanen. Kada kowa ya biya ta gida. Inna ba ta sani ba tukuna, kuma ranar Juma'a za ta miƙo hannu kamar kullum a ba ta sabon wuya ta shafa.