Jan Fenti a Jikin Tsamiya

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, tunda ita za ta ɗauke ni in kai ƙararka. Kada ka zauna mini a tabarma, maci amana."

Ni ina leƙe ta kan katanga, don katangarmu ɗaya da Tsohuwa, kuma magini bai yi ta da tsawo ba. Wanda ake kora jikanta ne, mai fenti, ƙato da gemunsa har da 'ya'ya, amma kullum da safe sai ya biyo ya tsokani "matarsa" kafin ya wuce aiki. Yau ya tarar da ita tana haki, ga bokiti da soso a gefe.

Bayan unguwarmu akwai filin hukuma mai itatuwa. A ciki akwai tsamiyar da marigayi mijinta ya dasa, nan take shimfiɗa tabarma kowace yamma tana sa wa mutane ido. Kwanaki aka faɗa a rediyo gwamnati ta ware kuɗi a kare irin waɗannan filaye, a gyara su don jama'a su riƙa shan iska. Cikin aikin aka ɗauki jikan nata.

Da maganar iskar ta fara. Ta ce tun ranar da aka yanke mata cibi take shan iska kyauta, ba ta taɓa jin sai an buga wa gwamnati ganga kafin a shaƙa ba.

"Filin shan iska, wa zai cika shi in ba 'yan iska ba? Shi ya sa suka fara da ɗaukar ka aiki."

"Ai ke ce uwar iskokin tsamiyar. Yara sun ce in rana ta yi sanyi ba sa gane wacece ke, wacece aljanar."

"Aljanar da ta goya ubanka. Jiya na ga ɗamarar jan fentin da ka yi wa tsamiyar kakanka. Ka ɗauka ban san ja ba? Na tsufa a maƙwabtan mahauta. Ragon da aka shafa wa ja, wuƙa yake jira."

Ya hango ni, ya kanne mini ido. Maimakon ya kwantar mata da hankali sai ya ce ai gaskiyarta, benci za a yi da gindin, ragowar kuma ya roƙa a sassaƙa mata sanda. Ni ma na tofa nawa, na ce na ji har tabarmar za a haɗa a kai ofis.

"Ke kuma kunnen katanga, da ke aka dasa?" in ji ta. Sai ta gyara zama tana murmushin mugunta. "To ta Allah ba taku ba. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Gari na wayewa na je da soso da toka, inda ya ƙi fita na kankare da wuƙa. Tas. Su zo su nemi jan."

Jikan ya daina dariya. Tabarmar da aka hana shi, a kanta ya zube.

"Kaka, me kika ce kin yi?"

Shekara da shekaru ina jin su, amarya yake ce mata, ko 'yar tsohuwa, ko aljana. Ban taɓa jin ya ce Kaka ba.

Ya yi mata bayani a gurguje. Jan nan alamar a bar itace ne, duk wanda ya sa masa gatari hukuma za ta kama shi. Waɗanda ba su da ja su ne busassu da waɗanda suka tare inda za a fitar da hanya, kuma yau da safen nan masu zarto za su fara. Kamar jira ake ya rufe baki, sai ga kukan inji daga bayan unguwa.

Tsohuwa ta dafe ƙirji, baki buɗe.

"Wace irin gwamnati ce wannan, mai shafa wa rago ja don ta bar shi?"

"Irin wadda ba ta yi karatu a wurin mahauta ba."

"Tashi, ɗauko gwangwaninka."

"Ni? Maci amana ba ya aikin gaggawa."

"Haba angona, mai gemun arziki."

"Ɗazu ɗan iska ne."

"Ɗan iskan ai nawa ne, ban ba kowa aro ba. Tashi, don Allah."

Wannan "don Allah" ɗin da rawar murya ya fito, shi ma ya ji. Ya suri gwangwani da buroshi. Ƙafar da ake tambayar lafiyarta kuwa, wallahi ita ta riga mu isa. Ni takalmi ɗaya na bari a hanya.

Mun tarar masu zarto sun kayar da wani busasshen itace, babbansu na tsaye a gindin tsamiyar yana shafa inda aka kankare, yana tambayar wa ya yi wannan aika-aikar. Tsohuwa ta rungume gindin, ta nuna ni da baki. Jikan ya ce a'a, iskar tsamiyar ce, ga ta nan a maƙale. Ya ja ɗamara sabuwa, ta ce ta yi siriri, gwamnati ba ta gani da kyau. Ya ƙara wata a sama.

Da ya gama sai ya ƙare mata kallo tun daga sama har ƙasa.

"Saura tsohon kututture ɗaya a filin nan da ba shi da ja. Masu zarto, ga aiki."

Ta ɗaga tafukan hannunta biyu, jawur da fentin da ta wanke.

"Makaho, duba nan. Ni na riga na shafa nawa."

Ya yi dariya har gwangwanin ya kusa kifewa, ya ce ya bi, yau amarya ta ci gida. Ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa 'ya'yan tsamiya.

"Ungo ladan fenti. Ka ɓoye, kayan gwamnati ne."